Ɗumamen Jitar Mahadi

Mahadi taubashina ne, ɗan Kawu Isah Mai Garaya na Rawayya, don haka ina da damar faɗin duk abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Dogo ne siriri, marar yawan magana, irin mutumin da in ka tsokane shi yau sai jibi zai tuno amsar da ya kamata ya ba ka. Shagonsa na gyaran rediyo da lasifika yana Tudun Wada a Gusau, ɗan ƙuƙut da shi, in ya miƙe ƙafa sai ta leƙo waje. Ni kuwa direba ne, ina jigila tsakanin Tsafe da Gusau, duk ranar da layi ya yi mini nisa a tasha wurinsa nake zuwa in shanye masa shayi.

Kawu Isah a zamaninsa ba ƙaramin makaɗi ba ne. Garayarsa tsirkiya biyu ce kacal a kan ƙoƙon itace da aka rufe da fata, amma da ita ya yi wa mafarauta kiɗa, ya yi wa manoma a wurin gayya, har mutanen Bungudu kan aiko takanas a ɗauke shi. Mahadi ne babban ɗansa namiji, kuma tun bai iya ɗaure wando ba aka fara ɗora masa yatsu a kan tsirkiya. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, ga magaji nan.

Sai aka kai shi Gusau koyon gyara. A can wani mutumin coci ya kawo lasifika, ya haɗo da wata tsohuwar jita da ta rasa rabin tsirkiyoyinta, ya ce a jefar. Mahadi bai jefar ba. Ya warware wayar birkin babur ya ɗaura mata, ya riƙa ƙwanƙwasa ta a bayan shago har maigidansa ya gaji da faɗa ya ƙyale shi. Da salla ta zo ya saɓo ta zuwa Rawayya, bakinsa har kunne, a zatonsa tsohon zai yi murna. Kawu bai bari ya kai ko'ina ba.

"Hidda man kwalin ga daga gida," in ji shi.

Daga ranar bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake miƙa wa Mahadi garaya ba. Ba su yi faɗa ba, gaisuwa ba ta yanke ba, buhun shinkafa bai fasa zuwa daga Gusau ba. Kiɗa ne kawai ya fita daga tsakaninsu, alhali shi kaɗai ne abin da su biyun suka iya hira a kai.

Shekaru suka tafi. Mahadi ya buɗe shagon kansa, ya auri Mansura, ya ƙware a jita har masu waƙa na Gusau suna kiransa in za su ɗauki sabuwar waƙa, a ba shi aron jitar wurin ya kaɗa. Kawu kuwa yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya ga inuwar mutum. Farauta ta mutu tunda daji ya zama abin da ya zama, gayya ma sai labari. Abin da Mahadi ke so a duniya bai wuce guda ɗaya ba, kuma ya faɗa mini da bakinsa: tsohon nan ya zauna ya saurare shi daga farkon kiɗa har ƙarshe kafin ƙasa ta rufe wa ɗayansu ido. Ya kuma sa wa ransa cewa laifin tsohuwar jitar ne mai wayar birki. In ya je da ta kirki, in ji shi, kunnen Baba ba zai iya ƙi ba.

Haka ya ja ni bara da damina zuwa shagon wani mai sayar da kayan kiɗan coci. Jita biyu mai shagon ya sauko mana da su. Ɗaya ja ce jawur, fentinta mai kauri yana ƙyalli, an yi ta da fallayen katako da aka manna da gam, mai nauyi, kuɗinta kuma bai fi ƙarfin talaka ba. Ɗayar ko kwalliya babu, kalar itace kawai, ga ta sakayau kamar ba a sa mata komai ba. Ni da na ɗaga ta na ɗauka ita ce ta arhar. Da mai shagon ya faɗi kuɗinta sai da na ce ya maimaita, ya maimaita, na ajiye ta a hankali na ja da baya, don kada numfashina ya taɓa ta a ce na biya.

"Mahadi, wagga ja ta yi," na ce masa. "Kawu ko gani ba ya yi. Ɗauki mu tahi."

Bai kula ni ba. Ya kaɗa jar, ta yi ƙara kamar kowace jita. Ya ɗauki ɗayar ya ja yatsa a kanta sau ɗaya, ya tsaya. Gaskiya ko ni da ban san komai ba sai ƙarar inji, na ji bambanci. Sautin bai mutu nan take ba, ya daɗe yana yawo a shagon, har wata mata da ta shigo sayen batir ta waiwayo.

"Don ba ya gani shi ya sa," in ji Mahadi. "Ido aka ruɗi da fenti, Muktar. Baba kunne garai."

Mai shagon ya ga kasuwa ta faɗa, sai ya shiga jero dokoki. Itacenta falle ɗaya ne, siriri, ba ta son rana, ba ta son zafi, kada a bar ta a but ɗin mota, in an gama a mayar da ita akwatinta. Na ce to ai wannan ba jita ba ce, amarya ce. Na bar wurin da tabbacin cewa in Mahadi ya kwana ya tashi hankalinsa zai dawo.

Washegari na same shi ya zo shago a ƙafa. Na tambayi babur, ya ce ya sayar. Babur ɗin da yake kai yara makaranta, wanda yake zuwa ƙauye da shi, wanda ya yi shekaru yana tarin kuɗinsa. Mansura da na je gidan ko gaisuwata ba ta amsa da kyau ba, ta nuna mini baƙin akwatin da aka jingine a kan gado, an ma sa masa matashi, ta ce in gaishe da sabuwar mai gidan. Na zage shi iya zagin da taubashi ke da iko, ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko zan kai shi Rawayya ranar sunan ɗiyar ƙanensa.

Tsakiyar marka muka je, ƙasa ta jiƙe sharkaf, tufafi ba sa bushewa, ashana ma sai an yi da gaske take kamawa. Bayan an watse daga suna, da la'asar, Mahadi ya shimfiɗa tabarma a zaure ya buɗe akwati. Ɗakin Kawu yana kallon zauren, ƙofarsa a buɗe, labule kawai. Mahadi ya ɗauko wani tsohon taken manoma na Kawun ya juye shi a kan jita. Mata suka bar wanke-wanke, maƙwabta suka cika ƙofa. Shi kuwa idonsa na kan labulen nan, labule ko motsi bai yi ba. Ya gama, mutane suka yi ta sa albarka, ya mayar da jita akwati ya rufe. Na tausaya masa ƙwarai, har na fasa tsokanar da na shirya.

Muka kwana, aka kwana ana ruwa. Da safe muka zaga cikin gari yin wata gaisuwar rasuwa, muka bar akwatin a zaure. A kan hanyar dawowa, tun daga bakin ƙofa na ji wani wari, kamar an ƙona fenti. Na ɗauka yara ne suka jefa leda a wuta. Muna shiga muka ga akwatin a buɗe, babu komai a ciki.

A tsakar gida muka same shi, ƙarƙashin rumfa. Kawu Isah yana zaune a kan turmi da kaskon garwashi jajir a gabansa. Garayarsa na jingine a gefe. Jitar Mahadi kuwa tana hannunsa, ya riƙe wuyanta da hannu ɗaya, ɗayan a gindinta, ya kara fuskarta a kan garwashin yana juya ta sannu a hankali.

Duk wanda ya tashi a gidan makaɗa ya san wannan. In damina ta yi nisa fatar garaya takan saki, muryarta ta dushe, sai an ɗumama ta a wuta ko a rana kafin ta dawo daidai. Haka ake yi wa kalangu, haka ake yi wa ganga. Kuma makaɗi ba ya ɗumama kayan da ya raina, ba ya ma taɓa su. Kawu ya yi wa garayarsa da safen nan kamar kullum, sannan ya lallaba da sandarsa har zaure, ya laluba ya buɗe akwatin ɗansa.

Na tsaya a bakin rumfar. Daga inda nake ina ganin sheƙin fuskar jitar ya tashi ƙuraje-ƙuraje, itacen ya yi duhu a tsakiya ya kumbura, ga wata siririyar tsaga ta taso daga ƙasa tana neman ramin tsakiya. Na juya na kalli Mahadi. Fuskarsa ta yi fari fat, hannunsa ɗaya a miƙe a iska bai kai ko'ina ba.

Kawu ya ji takunmu, ya ɗago kai yana murmushi. Na fi shekara ban ga haƙoransa ba.

"Mahadi na? Jiya na ji ta. Tana da murya, ba ni hana ta. Amma sanyi ya kama ta, can ƙasa-ƙasa tana shaƙewa. Kai duk zamanka birni ba wanda ya hwaɗa maka ana ɗumama kayan kiɗi da marka?"

Na buɗe baki zan yi magana, Mahadi ya damƙe mini hannu har sai da na ji zafi. Ya taka ya durƙusa a gaban tsohon, ya karɓi jitar da hannu biyu. Na ga yadda zafinta ya sa ya ɗan janye yatsu.

"Na gode, Baba," ya ce.

"Bar ta ta huce tukuna. Jumma'a ka dawo ka kaɗa man, in ji yadda ta koma."

"To, Baba."

Inna Indo, mahaifiyarsa, tana bakin madafa da ludayi a hannu, ta ga komai. Muka yi sallama da wuri, don hanya yadda ta zama yanzu ba a son yamma ta yi wa mutum. Akwatin yana kujerar baya, an ɗaure shi da bel. Mun ɗan yi nisa da Rawayya sai muka ji wata ƙara tau a cikin motar. Na duƙe kan sitiyari na taka mai, zuciyata ta ba ni an buɗe mana wuta daga daji, ina ta salati. Sai da Mahadi ya dafa ni ya ce in tsaya, daga baya ne. Muka buɗe akwatin a gefen titi. Ɗan katakon da ke riƙe tsirkiyoyi ya ɓalle gaba ɗaya, ya tafi da ɓangaren fuskar, tsirkiyoyin sun cukurkuɗe, tsagar ta kai har wuya.

Mahadi ya zauna a kan dutse a bakin hanya. Na ɗauka kuka zai yi, ko ya zagi wani. Ya daɗe yana kallon abin, sannan ya ce, "Ka ji ya ce tana da murya?" Babur ya tafi, jita ta tafi, mutum yana maganar murya.

Mai shagon kayan kiɗan da muka kai masa gawar sai da ya riƙe kai. Ya tambaya ko gobara aka yi, muka ce a'a, ɗumamawa aka yi. Na yi masa bayani, ya kalle ni, ya kalli Mahadi, ya ce a sake yi masa bayanin. Ya ce ko an manna ta ba za ta ƙara yin sautin da ba. A ƙarshe ya karɓi akwatin da abin da ya yi saura na kuɗin babur, ya ba Mahadi jar nan mai ƙyalli da na ce a saya tun farko. Ban ce masa ai na faɗa maka ba. Na so in ce, sai dai fuskarsa ba ta ba da hanya ba.

Dabarar Mahadi ita ce kada tsohon ya taɓa sani. Ya roƙi Inna Indo ta waya, ya roƙe ni, ya kwashe kwanakin nan yana sauya wa jar tsirkiya yana goge nan yana cusa can, wai ko za ta matso kusa da waccan. Na tuna masa abin da ya faɗa da bakinsa game da kunnen Kawu. Ya ce ya sani, amma ba zai iya tsayawa a gaban tsohon ya ce masa ranar da ya fara taɓa kayansa ita ce ranar da ya kashe su ba.

Ranar Jumma'a bayan an sauko daga masallaci muka sami Kawu ya riga ya fito. An shimfiɗa masa buzu a ƙarƙashin rumfa, ya sa farar rigarsa ta salla, ya sa an share wurin. Mahadi ya zauna a gabansa ya fara. Bai yi nisa ba Kawu ya ɗaga hannu.

"Wagga ba ita ta ba."

"Ita ta, Baba. Tsirkiya na sake mata."

"Ita ta, Kawu," na ce, ni ma na tsoma baki.

"Miƙo ta."

Ba yadda Mahadi ya iya. Kawu ya auna nauyinta a hannu, ya ƙwanƙwasa cikinta da gaɓar yatsa, ya shafa fentin. Ya mayar masa da ita.

"Ina waccan?"

Mahadi ya kalli ƙasa.

"Wutar ta?"

Mahadi ya rungume jitar a ƙirji. Kaji ne kawai ke tono a gefen rumbu. Na ga murmushin ya bar fuskar tsohon a hankali, ya juya kai wajen ƙofa kamar mai sauraren wani abu.

"Zuwa biyu ke nan Muktar ka kawo ka. Ban ji kukan babur ɗinka ba. Ina shi?"

Inna Indo ce ta fashe da kuka daga madafa, wannan ya ishe shi amsa. Kawu Isah, mutumin da aka ce ko ranar da aka binne mahaifinsa bai zubar da hawaye ba, ya ɗaga tafukan hannunsa biyu kusa da idanun da ba sa gani, ya riƙe su a nan. Bakinsa na motsi, innalillahi kawai nake iya tsinta. Na ji tsoro sosai, na ɗauka faɗuwa zai yi.

"Baba, itace na," in ji Mahadi. "Ana yin wata." Ya matsa ya ɗora masa jar a cinya. "Riƙe wagga, ba ta jin komi, ko cikin murhu ka sa ta."

Kawu ya mayar da hannayensa baya ya ɓoye su, ya ƙi taɓa ta. Ya ce hannun nan sun gama taɓa kayan ɗansa. Mahadi ya yi roƙo har ya gaji, ya janye jitar ya sunkuyar da kai. A raina na ce shi ke nan, a da raini ne ya raba su, yanzu kunya za ta raba su, kuma wannan ta fi wuyar magani.

Can sai tsohon ya share fuska da hannun riga, ya ce Indo ta ɗauko masa garaya. Ta kawo. Ya ce Mahadi ya taɓa masa babbar tsirkiya. Mahadi ya taɓa. Kawu ya kasa kunne, ya ja ɗaurin tasa tsirkiyar, ya ce a sake. Sai a lokacin na gane abin da yake yi. Garayarsa yake saukewa ta yi daidai da muryar jar jita ta arha. A gidan makaɗa ƙarami ne ke daidaita kayansa da na babba, babba ya ja, yara su bi. Kawu kuwa tun da ya karɓi garaya daga hannun mahaifinsa ba wanda ya taɓa jin ya bi bayan wani.

"Wanga take da ka yi ran suna," ya ce. "Ja, in bi ka."

Mahadi ya kalle ni, ni ma shi nake kallo. Ya sa yatsu, ya ɓata farkon, ya sake ɓatawa. Tsohon ya riƙe garayarsa yana jira. Da Mahadi ya samu ya kama hanya sai garaya ta shigo daga ƙasa, tana biye da shi, in ya yi sauri ta yi sauri, in ya lanƙwasa ta lanƙwasa. Hawaye na zuba a kan jan fentin, bai tsaya ya share ba. Suka tafi a haka har ƙarshen taken, ba wanda ya ɗaga hannu.

Da suka tsaya Kawu ya ɗora garaya a cinya yana haki kaɗan. Ya ce, "Akwai wani?" Mahadi ya ce akwai. Ya ce, "To, ja."